Akori-kura na ɗauke wuta tana dawowa: yadda ake gano inda matsalar take da mita da wayar hannu

Duk mai wayar hannu ya san cajar da ke shiga tana fita. An jona waya, ta nuna tana caji, da an ɗan taɓa igiyar sai ta daina, a murɗa ta kaɗan ta dawo. Irin wannan cutar tana kama tsofaffin motoci, musamman akori-kura masu ɗaukar kaya. Mota na cikin tafiya sai fitilu su mutu, allon gaban direba ya yi duhu, inji ya tsaya, bayan daƙiƙa biyu ko minti goma komai ya dawo kamar ba a yi ba. Da an kai ta gareji kuma sai ta tashi bugu ɗaya, makaniki ya ce shi bai ga komai ba.

A cikin birnin Zariya wannan ba baƙon abu ba ne. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma bai daina yin 504 ba sai a 2006, don haka har yau akwai akori-kura 504 da tsofaffin Toyota Hilux da ke shigowa ta Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da buhunan masara, da tumatir, da raken Makarfi. Da yawa daga cikinsu sun haura shekara 25 suna aiki da wayoyin wutar da suka zo da su. Idan irin wannan mota ta ɗauke wuta a lungu, asarar lokaci ce da kuɗin masu turi. Idan kuwa da dare ne a kan hanyar Zariya zuwa Kano, fitilu suka mutu ana gudu, magana ce ta rai. Ga kuma kuɗin da ke tafiya a banza: a sayi sabon batir, a canza alteneta, matsalar tana nan, alhali wani noti ɗaya ne ya saki.

Yadda wuta ke zagayawa a mota

Wutar mota zagaye take yi. Tana fita daga kan batir mai alamar +, ta bi babbar waya zuwa kik, wato na'urar da ke tayar da inji, wani reshen kuma ya bi ta babban fis ya shiga akwatin fis da makullin mota, daga nan ya rarrabu zuwa fitilu, da ham, da kwil, da sauransu. Idan ta gama aikinta sai ta koma batir ta jikin ƙarfen motar. Shi ya sa kan batir mai alamar – yake ɗaure da jikin mota da jikin inji ta wata waya mai kauri da masu gyara ke kira at. Da inji ya tashi, alteneta ce ke ɗaukar nauyin komai, tana kuma mayar wa batir abin da kik ya ci.

Duk inda aka haɗa waya da waya, ko waya da ƙarfe, wuri ne da zai iya sakewa ko ya yi tsatsa. Lambobi biyu za su riƙa fitowa a nan gaba. Ƙarfin turin wuta ana auna shi da bolt, ana rubuta V. Yawan wutar da ke gudana kuma ana auna shi da amfiya, ana rubuta A. Mahaɗar da ta yi datti tana yi wa wuta turjiya, kuma gwargwadon yawan wutar da ke bi ta wurin, gwargwadon bolt ɗin da zai salwanta a nan.

Lissafi ɗaya zai nuna girman abin. Kik na injin fetur yana jan kamar 150A lokacin tayar da mota, na dizal ya fi haka. A ce kan batir ya yi tsatsar da turjiyarta om 0.02 ce kawai. Rediyo mai jan 2A zai rasa 0.04V, ba wanda zai lura. Amma kik mai jan 150A zai rasa 3V cur a wannan wurin, kuma wurin zai riƙa fitar da zafin wat 450, rabin na ƙaramin dutsen guga. Wannan shi ne dalilin da mota za ta kunna rediyo lafiya, amma da an murɗa makulli sai a ji ƙas, komai ya mutu.

Me ya sa take zuwa tana tafiya

Abu uku ne ke motsa mahaɗar da ta riga ta yi rauni. Na farko girgiza: gargada, da ramuka, da tudun rage gudu. Na biyu zafi. Ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi ya tsuke idan ya huce, don haka wayar da ke taɓawa da safe tana iya rabuwa bayan tafiyar minti 30, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafin Zariya ke haura digiri 35 tun kafin a ƙara na inji. Na uku danshi da ƙura. Ƙurar hunturu tana cika soket da akwatin fis, damina ta zo ta jiƙa ta, ta zama laka mai cin jan ƙarfe.

Akwai ƙari biyu da suka shafi motocin kaya. Motar da ke ɗaukar hatsi tana kwana da ɓeraye, su kuwa suna gwaguyar robar waya. Sannan duk mai motar da ya riƙe ta a shekarun nan ya ƙara nasa: wannan ya sa fitilar sama, wancan ya sa lasifika, wani ya jona wurin caji, yawanci da murɗa waya a naɗe da salatif. Kowane ƙari sabon wurin sakewa ne.

Mataki na farko: a rubuta abin da ya faru

Masu rubuta manhaja suna da ƙa'ida idan manhaja tana faɗuwa jefi-jefi: ba a gyara abin da ba a iya sake haddasa shi ba, kuma ba a canza abu biyu a lokaci ɗaya. Ƙa'idar nan ta dace da mota daidai. Kafin a kwance noti ko ɗaya, direba ko yaron mota ya buɗe manhajar rubutu a wayarsa, duk lokacin da wutar ta ɗauke, bayan an tsaya a gefen hanya, ya rubuta abu biyar: ƙarfe nawa, minti nawa aka yi ana tafiya, a kan kwalta ne ko gargada, an yi ruwa ko an wanke inji, sannan me ya mutu me ya rage.

Na ƙarshen nan ya fi sauran muhimmanci, domin shi ke raba binciken gida-gida. A yawancin tsofaffin motoci, ham da fitilar haɗari da manyan fitilu ba sa bi ta makulli. To idan inji ya mutu, allon gaba ya mutu, amma ham na kuka fitilu na ci, wuta na zuwa daga batir ke nan, sai a nemi matsalar a makulli, ko soket ɗinsa, ko fis ɗin da ke ba shi wuta. Idan kuwa har ham da fitilu sun mutu tare, matsalar tana can gaba, tsakanin kan batir, da wayar at, da babban fis. Agogon mota da rediyo ma shaidu ne: idan agogo ya koma farko ko rediyo ya manta tashoshinsa, wutar dindindin ce ta yanke, ba ta makulli ba.

Idan inji kaɗai ya mutu, allon gaba yana ci da fitilunsa ja, wannan wani babi ne. A 504 mai fetur a duba kwil da wayoyinsa da kontak, domin kwil da ya tsufa yakan daina aiki idan ya yi zafi ya dawo idan ya huce. A tsohuwar Hilux mai dizal kuma akwai ɗan bawul na lantarki a jikin famfon mai, waya ɗaya ce ke riƙe shi a buɗe. Da ta saki, mai ya yanke, inji ya tsaya.

Idan fitilu suna raguwa suna ƙaruwa, ko alluran allo suna rawa idan an taka birki ko an kunna sigina, to at ce. Wutar da ta rasa hanyarta ta komawa tana kutsawa ta wasu kwararan fitila, shi ya sa alamun suke zama kamar na aljanu.

Wayar hannu tana da wani amfanin. A kafa ta a maƙalinta tana kallon allon gaba, a kunna bidiyo kafin a tashi. Abin da ido bai kama ba cikin daƙiƙa ɗaya, bidiyo zai nuna shi a hankali: wace fitila ta fara mutuwa, kuma ko fitilar batir ta ƙyafta kafin komai.

Kayan aikin da ake buƙata

Mita ta dijital irin ta masu gyaran rediyo da waya ta isa, ana samun ta a shagunan kayan lantarki na Sabon Gari da PZ. Sai sifana lamba 10 da 13, da sanfefa, da burushin ƙarfe, da igiyar jona batir da batir guda ɗaya. Akwai kuma cajar mota mai nuna bolt a fuskarta, wadda ake cusawa a ramin kunna sigari. Ita ce mai gadi a lokacin tafiya.

Kafin a taɓa komai, a cire zobe da agogon ƙarfe. Batir yana iya sakin ɗaruruwan amfiya idan sifana ta haɗa kan + da jikin mota, ƙarfen ya yi ja nan take. Idan za a cire kan batir, a fara da –, idan za a mayar a gama da shi. Ba a kunna ashana ko sigari kusa da batir, domin yana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta. Giya ta kasance a furi, birkin hannu a ja.

Lambobin da mita za ta nuna

A murɗa mita zuwa DC 20V. Batir da ya kwana bai yi aiki ba, idan ya cika zai nuna kamar 12.6V. Idan ya nuna 12.2V rabi ne, 12.0V kuwa saura kaɗan. Lokacin da kik ke juyawa bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6V ba. Da inji ya tashi, lambar ta hau tsakanin 13.8V da 14.4V, ta kuma tsaya kusa da nan ko an kunna fitilu an ɗan taka totur. Idan tana hawa 14V tana faɗowa 12V tana komawa, alteneta ce ke ɗaukewa: ko fanbel ya saki, ko gawayin cikinta ya cinye, ko soket ɗin bayanta yana rawa. Irin wannan motar tana cin batir a ɓoye har ranar da ya ƙare ana tsakiyar hanya.

Waɗannan lambobin duka suna iya fitowa daidai alhali matsalar tana nan. Gwajin da ke tona ta shi ne auna bolt ɗin da ke salwanta a kowace mahaɗa lokacin da wuta mai yawa ke gudana. Da yawa suna sa mita a kan om ko a kan ƙarar ci-gaban waya, ta yi ƙara, su ce waya lafiya. Mita ɗan ƙanƙanin wuta take turawa, ko silin waya ɗaya ya rage a cikin hamsin za ta yi ƙara. Sai an ɗora wa wayar nauyi take nuna halinta.

Ga yadda ake yi. A cire wayar da ke ba kwil wuta, ko ta bawul ɗin dizal, don inji ya juya ba tare da ya tashi ba. Mutum ɗaya ya zauna a kan makulli, ɗaya ya riƙe mita. A ɗora tsinken mita ɗaya a kan dalmar batir kanta, ɗayan a kan maƙalin da ya rungume ta, santimita biyu kacal tsakaninsu, sannan a buga kik. Lafiyayyen kai zai nuna kusan sifili. Idan ya kai 0.2V ko ya wuce, an kama ɓarawo ɗaya. A yi wa kai biyun haka.

Daga nan a ɗora tsinke a dalmar –, ɗayan a jikin inji inda ƙarfe yake tas, a sake buga kik: kada ya wuce 0.3V. Sai daga dalmar + zuwa babban notin kik: kada ya wuce 0.5V. Sannan a mayar da wayar kwil, a tayar da mota, a kunna fitilu da fanka da duk abin da ke cin wuta, a auna daga dalmar – zuwa jikin mota, da kuma daga notin bayan alteneta zuwa dalmar +. Na farkon ya tsaya ƙasa da 0.2V, na biyun ƙasa da 0.5V. Duk layin da ya ba da babbar lamba, sai a riƙa matso da tsinke mahaɗa bayan mahaɗa. Inda lambar ta faɗi kwatsam, tsakanin nan da wurin da aka baro matsalar take.

Igiyar jona batir tana ba da tabbaci cikin sauri. A maƙala ta daga kan – zuwa jikin inji, ko zuwa jikin mota. Idan alamun suka ɓace muddin tana maƙale, at ta asali ce ta lalace.

Gwajin girgiza

Tunda gargada ce ke tayar da matsalar, sai a kawo gargadar inda motar take tsaye. Da yamma a fuskantar da motar ga bango, a tayar da inji, a kunna manyan fitilu. Mutum ɗaya ya zuba wa hasken bangon ido, ko a kafa waya tana ɗaukar bidiyonsa. Ɗayan ya riƙa kama waya ɗaya-ɗaya yana girgizawa, yana faɗin sunan abin da ya taɓa da ƙarfi don ya shiga bidiyon: kan batir, wayar at, babban fis, soket ɗin bayan akwatin fis, damin wayoyin da ke ratsa bango tsakanin inji da ɗakin direba. A kiyaye hannu da hannun riga daga fanka da fanbel. Rile kuma a ƙwanƙwasa shi da ƙotar sukundireba. Da hasken ya ƙyafta, a tsaya nan a maimaita har sau uku.

Babban fis na tsofaffin motoci sau da yawa guntuwar waya ce ta musamman kusa da kan +, wadda aka yi don ta narke idan wuta ta yi yawa. Tana iya tsinkewa a ciki robar waje tana nan ƙalau. A ja ta a hankali: idan ta miƙe kamar roba, ta yanke.

Kada a manta da makulli. A girgiza shi a raminsa inji na aiki. Tarin makullan gida da na shago da ke lilo a jikinsa shekara da shekaru yana cinye cikinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ko a sababbin motoci: a 2014 kamfanin General Motors na Amurka ya janye motoci kusan miliyan 2.6 saboda makullin da ke zamewa ya kashe inji ana tafiya, kuma asusun diyyar da aka kafa ya amince da mutuwar mutum 124 dalilinsa.

Batir kansa yana iya tsinkewa a ciki. Wanda ba a ɗaure shi da maƙalinsa ba yana tsalle a kowane rami har mahaɗar gidajensa ta tsage. Idan an ɗora mita a kan dalma biyun kai tsaye, fitilu na kunne, aka jijjiga batir lambar ta faɗi, to nasa ya ƙare.

Inda na'urorin zamani ke taimakawa

Idan duk wannan bai kama ta a tsaye ba, sai a kama ta a hanya. Akwai ɗan akwati mai Bluetooth irin BM2 da ake ɗaurawa a kan batir, yana ajiye tarihin bolt yana turo shi wayar hannu a zane. A haɗa shi da cajar nan mai nuna bolt, wadda a yawancin motoci wutarta ta makulli take biyowa, an samu ido biyu ke nan a wuri biyu. Idan cajar ta mutu amma zanen batir bai motsa ba, yankewar tana tsakanin batir da ramin cajar. Idan zanen ya faɗo daga 14V zuwa 12V mintuna kafin motar ta tsaya, alteneta ce ta fara janye jiki.

Na'urar ELM327 da manhajoji irin Torque da Car Scanner kuwa sai motar da ke da kwamfuta da ramin OBD2. Amurka ta wajabta wannan ramin daga 1996, Turai ta biyo baya a 2001 ga motocin fetur. Akori-kura 504 mai kafireta da tsohuwar Hilux mai famfon dizal na ƙarfe ba su da shi, sayen na'urar dominsu asara ce.

Abu biyu da ke mayar da ƙaramar matsala babba

Na farko shi ne cire kan batir inji na aiki don a ga ko alteneta na caji. Batir ne ke shanye tsallen wuta, da an cire shi bolt yana iya haurawa ninki-ninki na ɗan lokaci, ya ƙona kwararan fitila, da rediyo, da alteneta kanta, da kwamfutar mota idan tana da ita. Mita tana ba da wannan amsar cikin daƙiƙa biyar ba tare da asara ba.

Na biyu shi ne ɗaure fis da waya ko takardar sigari, ko sa wanda ya fi lamba. Fis mai ƙafa biyu launinsa ke nuna ƙarfinsa: ja 10A, shuɗi 15A, rawaya 20A, kore 30A. Idan yana ƙonewa, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe. Aka hana shi ƙonewa, wayar ce za ta ƙone, kuma mota mai ɗauke da busasshen kaya a lungun da motar kashe gobara ba ta iya shiga ba wurin gwada wannan ba ne.

Gyaran da ke daɗewa

Idan an gano wurin, a cire kan –, a kwance mahaɗar, a goge fuska biyun da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli. Farin garin da ke taruwa a kan batir ana wanke shi da ruwa da bakin-soda, a kiyaye kada ya shiga cikin batir. Inda at ke zama a jikin mota a kankare fenti da tsatsa, a ɗaure tam, sannan a shafa giris a sama don ya hana danshi. Kan batir da ya buɗe har ana cusa masa ƙusa a canza shi. Wayar da ta yi kore ko baƙi a cikin robarta a yanke ta har inda jan ƙarfe yake tas, a haɗa da dalma ko matsi, da waya mai kaurin ta asali. Batir kuma a ɗaure shi.

Abin da ya shafi buɗe alteneta, ko canza makulli, ko warware damin wayoyi, aikin mai wayarin ne. Amma mai motar da ya je gareji da bidiyo da rubutaccen tarihi, ya ce, "Malam, idan ta ɗauke ham na kuka, allo ne ke mutuwa, kuma in na girgiza makulli takan dawo," ya rage wa mai gyara aikin yini ya kuma rage wa kansa sayen kayan da ba su lalace ba. A gyara abu ɗaya, a maimaita awon bolt a wurin don a ga lambar ta sauka, sannan a bi hanyar da ta saba tayar da matsalar, da rana, da kaya a baya, na tsawon mako guda kafin a amince a fita da motar da dare.